Harshen Baba da Ganyen Korosol

Baba mutum ne mai son magana. Duk wanda ya san butik ɗinsa, wato shagonsa, a unguwar Glass, inda yake sayar da yadi da atamfa, ya san ba a shiga a fito da wuri. Ko zaren ɗinki ka je saya sai ya nuna maka benci, ya tambaye ka garinku, sannan ya ɗauko labarin wani mutumin garin naku da suka taɓa haɗuwa a hanyar Kamaru. Tun yana saurayi ya baro Kano ya zo Libreville, babban birnin Gabon, amma har ya yi furfura Faransancinsa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Ni kuwa a nan aka haife ni, a nan na yi lekol, wato makarantar boko, don haka tun ina ƙarama nake bin sa ofisoshi ina yi masa tafinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Yana cin goro, kuma yana cusa garin taba mai kanwa a gefen bakinsa, ɗabi'ar da ya taho da ita tun daga gida. Inna ta yi faɗa a kan tabar nan har ta gaji ta zuba masa ido.

Bayan na yi aure na koma unguwar Angondjé, sai ya zama ranar Asabar nake zuwa gida in wuni. A irin wannan zuwan ne na lura Baba ya daina taɓa yaji, shi da ba ya cin abinci sai ya barbaɗa. Yana tauna a gefe ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron ƙashin kifi. Na tambaye shi, ya ce haƙori ne ya ɗan karce masa harshe. Inna ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce tun kafin azumi yake faɗin haka, ga shi har an yi babbar salla. Na roƙe shi ya buɗe baki in gani. A gefen harshen akwai wani miki mai farin baki, ba shi da girma, amma da na sa ya taɓa ya ce wurin ya yi tauri. Zuma da kanumfari yake shafawa.

Maganar asibiti ba ta shige shi ba a ranar, haka ma Asabar ɗin da ta biyo baya. Abin da ya sa ya yarda daga baya shi ne karatu. A ƙaramin masallacin layinsu shi yake jan salla idan liman ba ya nan, sai wata rana ya ji harshensa yana sarƙewa a tsakiyar sura. Da kansa ya kira ni a waya ya ce, "Uwata, ki nemi izini a wurin aikinki, ki zo ki raka ni."

Likitan haƙori ya duba, ya tura mu wurin wata likita da ta ƙware a ciwon baki da wuya. 'Yar Gabon ce, dattijuwa, mai magana a hankali. Aka yanki ɗan nama aka tafi aunawa. Ranar da muka koma, ta juya kujerarta ta fuskanci Baba, ta yi masa bayani tana kallon idonsa duk da ta san ba ya ji, sannan ta dakata ta dube ni. Na sha yi masa tafinta a kan takardun zama da kuɗin kwastan, amma ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki kamar ta ranar ba.

"Baba, ta ce ciwon daji ne."

Ya yi salati a hankali, ya gyara hularsa, ya ce, "To, tambaye ta me za a yi."

Za a yi aiki a cire ɓangaren harshen da ciwon ya kama, da wasu ƙulluttai a wuya. Idan wurin ya warke sai a shiga gashi, wato a riƙa haska masa wani haske mai ƙone ragowar ciwon, kusan kullum har tsawon makonni.

Hausawan Libreville ba mu da yawa, labari ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo gidanmu ya cika da 'yan dubiya, kuma kusan kowa da abin da ya riƙo. Aminin Baba, wani mutumin Damagaram da suke dafa shayi tare a ƙofar butik, ya kawo habbatus sauda da zuma. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke Kano, ta riƙa turo saƙon murya safe da yamma a kan kurkum, yadda za a dama shi da madara, da sunan wata mata a unguwarsu da aka ce ta warke. Amma abin da ya fi yawa a bakin mutane, 'yan ƙasa da baƙi, shi ne ganyen korosol. Korosol ɗan itace ne mai ƙaya-ƙaya a baya, cikinsa fari mai zaƙi da ɗan tsami, ya yi kama da gwandar daji. Kowa ya san wani da ya san wani da ganyen ya tayar.

Maƙwabciyarmu tana da bishiyarsa a bayan gida. Kirista ce, 'yar ƙasa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun ina yarinya Mama muke ce mata. Inna ta ɗauki kwano ta je ta roƙa. Da ta dawo ta ce Mama ta tsinko mata har ya cika, sai dai ba ta ce uffan ba, ita da ba ta rabo da tsokana. Ba mu kawo komai a ranmu ba.

Ni ma ban zauna ba. A cikin taksi, a hanyar bakin ruwa daga Glass zuwa ofishinmu a Louis, kaina yana kan waya ina karanta duk abin da na samu. Na ga an rubuta cewa akwai wani sinadari a cikin kurkum, da wani a koren shayi, waɗanda masu bincike suke gwadawa a kan ciwon dajin baki, kuma wai suna ƙarfafa garkuwar jiki. Na karanta har na fara tunanin ko za a iya kauce wa wuƙar. Baba kuwa abin da ya fi tsoro ke nan, ba mutuwa ba. Ya ce mini, "Idan suka yanke harshen, da me zan zauna a butik?"

Shi ya kawo shawarar mu kwashi komai mu kai wa likita. Inna ta zuba a leda: ganyen korosol, garin kurkum, habba, busasshen zogale, da wata kwalbar ƙwayoyi da wani ya kawo wadda aka rubuta a jikinta cewa ruwan ganyaye ne aka tace. Na shiga ofishin ina jin kunya, na ɗauka za ta yi tsaki. Sai ta baje su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina kurkum ɗin, ta ce kakarta ma da korosol take maganin rashin barci.

Daga nan ta yi dogon bayani, ni kuma ina tsinta ina miƙa wa Baba. Ta ce a cikin jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi da aikinsu shi ne zagaye jiki, duk inda suka ga wata ƙwayar nama ta lalace sai su kashe ta tun ba ta yi yawa ba. Ciwon daji ba ya girma sai ya koyi ɓuya daga gare su, ko ya sa su kasala, wani lokaci ma ya juya wasunsu su koma yi masa aiki. Na rasa yadda zan faɗi wannan da Hausa, sai na ce masa kamar masu gadin kasuwa ne.

Baba ya gyaɗa kai. "Wato ɓarawon ya saba da masu gadi."

Na fassara mata, ta yi murmushi ta ce haka ne. Ta ci gaba da cewa abin da na karanta ba ƙarya ba ne. An ciro sinadarai daga kurkum da koren shayi da wasu tsirrai, an zuba su a kan ƙwayoyin ciwon a cikin faranti na gilashi, an kuma ba ɓeraye, aka ga a wasu gwaje-gwajen ciwon ya rage gudu, fararen ƙwayoyin kuma sun ƙara kuzari. Ta ce ko magungunan asibiti masu ƙarfi akwai waɗanda asalinsu daga itatuwa ne, sai dai an tace su, an auna, an san yawan da ke warkarwa da yawan da ke kisa. Waɗannan na kan tebur ba a kai nan da su ba. Kurkum idan an sha, kaɗan ne ke shiga jini, balle ya isa harshe. Ganyen korosol ba a tabbatar da amfaninsa a jikin mutum ba, kuma yawan shansa na dogon lokaci ana zargin yana taɓa jijiyoyi. Kwalbar kuwa ta ture ta gefe ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, wanda ya haɗa ma wataƙila bai sani ba, kuma irinsu kan wahalar da hanta.

"Tambaye ta," in ji Baba, "ganyen nan yana tada mai gadi ko ba ya tadawa?"

Na tambaya. Ta ba da amsa.

"Ta ce wasu sun tada a ɓera. A mutum ba a sani ba tukuna."

Ya daɗe yana kallon ganyen. Daga baya ya ce, "Mace ce mai gaskiya. Da ta ce mini ƙarya ne duka, da ban yarda da ita ba."

Aka rabu a kan cewa abin da yake abinci ya ci a matsayin abinci: zogale a miya, kurkum a girki, zuma. Duk wani sabon abu a fara gaya mata. Kwalbar ta zauna a ofishinta.

An yi aikin a farkon damina. Da ya farfaɗo, kuma kumburin ya saɓe, maganarsa ta dawo amma ba irin ta da ba. Kalmomi suna fitowa a dunƙule, wasu haruffan sun ɓace gaba ɗaya. Ni da Inna muka koyi jin sa cikin 'yan kwanaki, baƙi kuwa sai su yi ta cewa na'am. Ya jure wannan fiye da yadda na zata. Abin da ya kusa karya shi gashin ne.

Kwanakin farko bai ji komai ba, har yana cewa ashe kwanciya ce kawai a ƙarƙashin inji. Daga baya cikin bakinsa ya saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Yawu ya ƙafe. Ɗanɗano ya tafi, ya ce komai kamar yana tauna tsumma. Ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Inna ta koma dama kunu mai ruwa-ruwa, ta bar shi ya huce sarai, ta riƙa ba shi da cokali. Rigunansa suka yi masa yawa. Kullum da safe nakan biyo da taksi in ɗauke shi, mu bi ta cikin ruwan sama da cunkoson motoci, ya jingina kai da gilashi.

Ana tsakiyar gashin, wata safiya na iso na tarar da shi zaune a kan darduma da rigar zaman gida. Na ce taksi yana jira. Ya girgiza kai. Da ƙyar ya haɗa maganar, ina tsugune a gabansa ina tsintar ta.

"Wuƙa ta riga ta cire. Wutar nan ta ishe ni. Zan sha ganye, sauran na Allah ne."

Na yi magiya, na tuna masa abin da likita ta faɗa, na yi kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya dafa kaina ya ce in tafi aiki kar in makara. Inna ba ta goyi bayansa ba, amma ita take ganin yadda yake fama da kowane cokali, ba ta da ƙarfin matsa masa. Ta ɗora tukunyar ganye. Likita ta kira ni ta ce kowace ranar da aka tsallake dama ce ake ba ciwon ya sake tsiro. Na gaya masa, ya ce ya ji.

Haka aka yi 'yan kwanaki. Ganye ya ƙare, Inna ta sake ɗaukar kwano ta nufi gidan Mama. Wannan karon tare suka dawo, kwanon kuma babu komai a ciki. Da la'asar ne, ina gidan. Mama ta cire takalminta a bakin ƙofa, ta zauna a kujerar da ke fuskantar Baba, ta ce mini da Faransanci, "Ki gaya masa duk abin da zan faɗa, kar ki rage."

Ta ce mijinta ma a baki abin ya fara masa, a ƙasan harshe. Ina iya tuna shi kaɗan-kaɗan, wani siririn mutum da ke zama a inuwa da ƙyalle ɗaure a haɓa, mu yara aka ce mana ciwon haƙori yake yi. Ta ce an gaya musu a yi aiki, ya ƙi, ita ma ta goya masa baya, domin a lokacin duk wanda suka sani da ya shiga ɗakin aiki bai fito da daɗi ba. Daga wannan bishiyar ta riƙa tsinko ganye tana dafa masa, safe da yamma, har ranar da ya kasa haɗiya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi hawaye ba. Ni kuma ina mayar da maganar Hausa.

Inna ta ce in tambaye ta, to me ya sa ta ba mu ganyen tun farko?

"Saboda kin roƙa, kuma a lokacin yana zuwa asibiti," in ji Mama. "Mai jinya tana bukatar abin da za ta yi da hannunta, na san wannan. Ban sare bishiyar ba don ba ta yi mini laifi ba, 'ya'yanta ma suna da daɗi. Amma ba zan sake tsinko ganye in ba mutumin da ya bar magani ba. Na yi sau ɗaya."

Sannan ta juya ta kalli Baba, ta yi masa magana kai tsaye da 'yar Hausar da ta tsinta a shekarun maƙwabtaka. "Alhaji, ka koma."

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi har ta tashi ta tafi. Mu ma ba mu ƙara tada maganar ba. Washegari na zo ba tare da na sa rai ba, ban ma ce wa mai taksi ya jira ba, sai na same shi a tsaye a ƙofar gida da babbar riga da lema a hannu. Ya ce na makara.

Ya ƙarasa gashin. Ba zan ce da sauƙi ba, akwai lokacin da sai da aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa. Bayan an gama, bakin ya ɗauki watanni kafin ya warke. A wannan lokacin Inna ta zama wata irin mai bincike a kicin. Kunun gyaɗa, romon kifi da ta tace ƙayoyinsa, miyar zogale da ta niƙa har ta yi laushi, ɗan kurkum a cikin fate, ƙwai, ayaba da aka dama da madara. Abin da ya karɓa ta maimaita, abin da ya ture ta canza masa fasali ta sake kawowa. Gishiri ne ya fara dawo masa, zaƙi ya biyo baya. Yaji dai har yau ba ya iyawa, goro da taba kuwa ko kallonsu ba ya yi.

Yanzu an yi shekaru da dama, duk dubawar da aka yi ba a ga komai ba, ko da yake likita ba ta taɓa cewa an gama ba, sai dai ta ce mu dawo. Mutane kuma kowa ya ɗauki nasa. Gwaggo ta tabbata kurkum ɗinta ne. Mutumin Damagaram ya ce habba ce, kuma ba ya son musu. Idan aka tambayi Baba yakan ce Allah ne ya yi, ta hannun mutane da yawa.

Ni kam na daɗe ina juya abin a raina. Na san wuƙa da gashi su suka yi babban aikin. Na kuma san da Inna ba ta riƙe shi da abinci ba, da jikinsa bai kai ƙarshen gashin ba. Ko wani abu a cikin zogalen ko kurkum ɗin ya taimaka wa fararen ƙwayoyin nan, ba ni da hanyar sani, likitar ma ta ce ba ta da ita. Har yanzu nakan duba waya lokaci-lokaci in ga inda binciken ya kai, kuma yawanci sai in tarar ana nan ana gwaji. Ba na yi wa masu kawo ganye dariya, domin na ga fuskokinsu lokacin da suke miƙawa. Amma idan wani ya ce mini yana da miki a baki da ya ƙi warkewa, ba na barin sa sai ya faɗa mini ranar da zai je a duba.

Baba ya koma butik. Ba ya jan salla yanzu, kuma labaransa sun gajarce, domin magana mai tsawo tana busar masa da baki, kullum da gorar ruwa a gefensa. Tsofaffin abokan ciniki sun saba da sabuwar muryar. A waya ne abin ya fi wuya. Duk lokacin da Gwaggo ta kira daga Kano, sai ya yi magana ta ce ba ta ji ba, ya maimaita, ta ce layin ne ba kyau, alhali duk mun san ba layin ba ne. Shi ya sa suka mayar da kiran ranar Asabar, lokacin da nake gidan. Yakan faɗa, ni kuma in maimaita mata da Hausar da shi ya koya mini. A kiran da ya wuce sun daɗe suna gardama a kan wata bishiyar tsamiya da ke ƙofar gidan kakanninsu, ko tana nan ko an sare ta lokacin da aka faɗaɗa titi. Gwaggo ta ce za ta aika a dubo.